Ya Sara Bai Kashe Ba, Shin A Kashe Shi?

Duk ranar da labari ya iso Kance cewa an tare ɗan kabu-kabu a hanya an sassare shi an tafi da babur, ko an daɓa wa yaro wuƙa a Damagaram saboda wayar hannu, ko gardamar iyakar gona ta kai ga an rotsa wa dattijo kai da gatari, magana ɗaya ce ke fita daga bakin mutane: a kashe su kawai, kowa ya huta. Samari na faɗinta a fada ana zagaya shayi, dattawa na faɗinta a ƙofar masallaci bayan Magariba, mata na faɗinta a bakin famfo. Idan wani ya ce ai wanda aka sara bai mutu ba, sai a amsa masa da cewa wannan ikon Allah ne, shi dai mai addar ya gama niyyarsa, kwana ne kawai bai ƙare ba.

Masu wannan magana ba marasa imani ba ne. Sun ga abin da sara ke bari ne. A ƙasar Kance hannu shi ne jari, domin mutane sun yi yawa, gonaki sun tsuke, wanda bai yi noma da ƙarfinsa ba babu mai yi masa. Magidancin da aka sara a tsintsiyar hannu jijiyoyi suka tsinke, za a ɗinke shi, ciwo ya warke, amma yatsun su lanƙwashe su ƙi miƙewa. Ka gan shi da damina tsaye a bakin gonarsa, hannun a ɓoye cikin riga, yaransa ƙanana na fama da hauyar da ta fi ƙarfinsu. Ba zai ƙara saran rake a fadamar Korama ba, ba zai ɗaure kaya a amalanke ba, ko alwala sai da dabara. Kafin a sallame shi daga asibiti an sayar da tumaki, wani lokaci an jinginar da gonar ma. Mu kuwa mun san inda gidan da ya rasa mai nema yake dosa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, kuma akasarinsu daga wannan yanki namu suka tashi. Wanda ya nakasa mai gida ya matsar da matarsa da 'ya'yansa kusa da wannan hanya. Saboda haka idan aka ce sara ɗaya ya kashe gida guda, ba a yi ƙari ba.

Duk da haka ban yarda a kashe wanda bai kashe ba. Dalilina kuwa yana wajen wanda aka sara: wannan hukunci zai jefa ransa cikin haɗarin da ya fi na yau, idan ya tsira kuma ba zai bar masa komai a hannu ba.

Ya kamata a fara sanin cewa wani yanki na abin da ake kira a kawo yana nan rubuce tun tuni. Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961, bai taɓa cire hukuncin kisa ba, kuma bai tsaya ga kisan kai kaɗai ba. Satar da aka haɗa da fyaɗe na iya kai mutum ga kisa. Satar dabbobi ma haka, idan an yi amfani da bindiga ko an sace mutum a cikinta. A tsarin da muka gada daga Faransa kuma, wanda ya shirya kisa ya afka wa mutum amma Allah ya kuɓutar da shi, ana iya yi masa hukuncin da za a yi wa wanda ya kashe. Abin da ƙasar ta daina shi ne zartarwa. Rabon da a harbe wani bisa hukuncin kotu tun 1976, lokacin da aka kashe waɗanda aka samu da yunƙurin kifar da Seyni Kunce. A ƙarshen 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, an kai ƙudurin soke hukuncin gaban majalisar tuntuɓa ta ƙasa, ta ƙi amincewa. Haka muke tafiya: alƙalai na yankewa, ba a zartarwa, daga baya sau da yawa shugaban ƙasa ya mayar da shi ɗaurin rai da rai.

Mai goyon bayan kisa zai ce to ai nan gizo ke saƙar, doka ce a takarda kawai. Da ana zartarwa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wannan hujja ba sai mun yi ta gardama a kanta da ka ba, domin maƙwabtanmu sun gwada ta, kuma daga Matameye zuwa Dan Barto, ka ƙetara Kwangwalam ka shiga ƙasar Daura, ba wata tafiya ba ce.

A 1970, bayan an gama yaƙin basasa makamai sun bazu a hannun mutane, gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa dokar soja a kan fashi. Duk wanda ya yi fashi da makami, ko ya ji wa mutum rauni a wurin fashi, hukuncinsa kisa ne, ko an rasa rai ko ba a rasa ba. Kuma sojoji ba su tsaya a takarda ba. An riƙa ɗaure 'yan fashi a bakin teku a Legas, wurin da ake kira Bar Beach, ana harbe su gaban dubban 'yan kallo. A nan aka harbe Ishola Oyenusi a 1971. Shekara 16 bayan haka aka harbe Lawrence Anini, wanda ya addabi birnin Benin har sai da shugaban ƙasa ya riƙa tambayar inda yake. Tsakanin waɗannan biyu an harbe ɗaruruwa, fashi kuwa bai ragu ta yadda wani zai nuna ya ce ga aikin harsashi ba. Yau dokar ta haura shekara hamsin. A 2019 jihar Katsina ta ƙara da hukuncin kisa a kan satar mutane da satar shanu. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Zamfara ta yi tata dokar a 2022. A tambayi mutanen Jibiya da Batsari, ko 'yan'uwanmu na Madarumfa da ke kwana da fargabar masu ƙetarowa, ko sun ga sauyi daga ranar da aka sa hannu.

Abin da irin wannan doka ta iya kamawa shi ne ƙananan kifi. A jihar Osun an kama wani saurayi ɗan shekara 17 a 2010 da laifin shiga gidan mutum da makami a saci kaji. Ba a kashe kowa ba. A 2014 kotu ta yanke masa hukuncin rataya, domin doka ba ta bar wa alƙali wata ƙofa ba. Ya shafe shekara goma yana jiran igiya kafin gwamna ya yi masa afuwa a ƙarshen 2024. Mutum sama da 3,000 ne ke irin wannan jira a gidajen yarin Najeriya, gwamnoni na gudun sa hannu, masu riƙe da daji da manyan bindigogi kuwa ba su cikin waɗannan ɗakuna.

Mu koma kan hanya da dare, daidai lokacin da abin ke faruwa. Ɗan kabu-kabu ya faɗi a yashi, an sare shi a kafaɗa, yana numfashi. Ɓarawon na tsaye a kansa, abokinsa ya riga ya tada babur. A ƙasarmu da wuya ɓarawo ya zama baƙo ƙwarai. Wanda ya hau bayanka daga tasha ka ga fuskarsa, ka ji muryarsa, wataƙila ma ka san ƙauyensu da sunan ubansa. A wannan ɗan taƙin lokaci ɓarawon na da zaɓi biyu, ya gudu ya bar shi, ko ya ƙara sara ɗaya a wuya. Idan doka ta ce sara ɗauri ne, kisa kuwa kisa, akwai abin da zai riƙe masa hannu. Idan ta ce duka ɗaya ne, ta gaya masa ke nan cewa barin wannan bawan Allah da rai ba ya rage masa komai, sai ma ya ƙara masa, tunda shi kaɗai ne shaida. Masanin shari'a na Faransa, Montesquieu, ya lura da haka tun 1748. Ya kawo cewa a Rasha ta zamaninsa, inda hukuncin ɗan fashi da na mai kisa ɗaya ne, 'yan fashi kan kashe wanda suka tare, a ƙasar Sin kuwa inda aka bambanta hukuncin, ana fashi amma ba a cika kisa ba.

Za a ce mai adda ba ya wannan lissafi, ya cika cikinsa da tramol, idonsa ya rufe. To idan ba ya lissafi, tsoron kisa ma ba zai hana shi fitowa ba. Idan kuwa yana yi, lissafin zai kai shi ga ƙarasa wanda ya sara. Ta kowace fuska aka ɗauko ta, mai kwance a yashi bai ci riba ba. Wannan ne ma amsata ga masu cewa ai ya yi niyya, kwana ne bai ƙare ba. Wanda ya yi niyyar kisa ya cancanci hukunci mai tsanani ƙwarai, ba na ja. Amma dole a bar tazara tsakanin sara na farko da na ƙarshe, domin a cikin wannan tazara ne rayuka ke tsira.

Mutane da yawa idan sun ce a kashe, suna zaton Shari'a suke kira. Ina roƙonsu su koma zaure su buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu garin da ba a karanta ta a ƙasar nan, su duba babin jini da haddi. Abin da za su tarar ma'auni ne mai tsananin kiyayewa. Aya ta 45 a Suratul Ma'ida ta sa rai a gefen rai, ta sa ido da hanci da kunne da haƙori kowanne a gefen irinsa, raunuka kuma da gwargwadonsu. Babu inda aka sa rai a gefen hannu. Malaman Malikiyya sun bi raunuka ɗaya bayan ɗaya sun yanka musu farashi. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Hannu ɗaya rabin wannan, ido ɗaya ma haka. Kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori 5. Raunin kai da ya tona har ƙashi ya bayyana raƙuma 5, wanda ya farfasa ƙashin har aka cire ɓaraguzai 15. Idan da gangan aka yi, wanda aka cuta na da haƙƙin ƙisasi, sai in ya yafe ko ya yarda da sulhu a kan dukiya. Kuma ba a yanke komai sai ciwo ya warke an ga inda ya tsaya, don kada a biya yatsa alhali hannun ne duka ya mutu.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne raunuka mafiya muni. Akwai saran da ya fasa ƙoƙon kai ya isa ga ƙwaƙwalwa, malamai na ce masa ma'muma. Akwai sukar da ta huda ciki ko baya ta shiga can ciki, ita ce ja'ifa. Waɗannan su ne ainihin raunukan da ke sa mutane su ce a kashe. To a kansu ne Imam Malik ya hana ƙisasi, ko da da gangan aka yi, ya ce a biya sulusin diyya. Haka ma ya hana ƙisasi a karya cinya ko ƙashin baya. Dalilin kuwa shi ne, idan aka ce za a rama wa mai laifi irin wannan rauni, ana tsoron ya mutu, alhali shi bai kashe ba. A duba da kyau. Mutumin da ya fasa kan ɗan'uwansa da gangan, mazhabarmu ta ƙi yarda a yi masa abin da zai iya zama ajalinsa ko bisa kuskure, balle a ɗauke shi a kai shi filin harbi da niyya. Malaman da suka shimfiɗa wannan ba su zauna a duniyar da babu takobi da gatari ba. Sun san jini fiye da mu, suka tsaya a nan.

Akwai babin da ba zan ɓoye ba, shi ne na hiraba, wato tare hanya da makami. A nan Malik ya fi sauran limamai faɗaɗawa. Ya ce shugaba na da zaɓi cikin hukunce-hukuncen da aya ta 33 ta wannan sura ta jera, har yana iya kashe ɗan fashin da bai kashe ba idan shi ne mai shiri da dabarar ƙungiya, wanda barinsa zai ci gaba da cutar da jama'a. Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad kuwa sun ce ba a kashe shi sai in ya kashe. Mai neman hujja a Malikiyya zai same ta a nan, amma ya lura da iyakarta. Ba ta shafi faɗan gona ba, ba ta shafi rikicin kasuwa ko na kishi ko na samari a dandali ba, waɗanda su ne mafi yawan saran da muke gani. Zaɓi ne aka ba shugaba ya duba maslaha, ba tilas aka yi masa ba. A cikin jerin kuma akwai kora daga gari, wadda Malik ya fassara da a kai mutum wani gari a tsare shi har tubansa ya bayyana. Idan maslaha ce ma'auni, na riga na faɗi inda nake ganin maslahar mai bin hanya take: a ajiye kisa ga wanda ya kashe, a tsare ɗan fashi tsarewa mai tsawo.

Sai maganar wanda zai yanke hukuncin, da irin shaidar da za a kawo masa. Yawancin sara da dare ake yi, ko cikin turmutsutsun faɗa inda sanda da adda ke tashi ta ko'ina. Wanda aka sara ya ga fuska cikin duhu, jini na zuba a idonsa. Maƙwabcin da zai yi shaida wataƙila akwai tsohuwar gaba ta gado ko ta aure tsakaninsa da wanda ake zargi. A rikicin manoma da makiyaya sau da yawa wanda aka fara cin karo da shi a daji shi ake kamawa, kuma mun san inda fushin taro ke kaiwa tun abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, inda aka hallaka mutum sama da ɗari. Shari'ar da Faransanci ake yinta, ta bakin tafinta. Lauyoyin ƙasar mafi yawansu a Yamai suke zaune. Wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky na 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya ga irin waɗanda za su cika layin: yara masu tabon wuƙa a jiki, ba makaranta, ba sana'a sai fasa-ƙwaurin mai. Wasunsu sun yi ɓarna mai yawa, ba na wanke su. Amma ɗan mai hali da ya fasa kan yaron gidansu ba zai taɓa tsayawa a wannan layi ba. Ɗaurin da aka yi bisa kuskure ana iya buɗe ƙofa a ba mutum haƙuri, kabari kuwa ba a buɗe shi.

Akwai kuma abin da duk wanda ya zauna a ƙauye ya sani. Mai sara da wanda aka sara galibi dangi ne, ko surukai, ko maƙwabtan gona. Ranar da aka ce kai ƙara na nufin a kashe ɗan wane, ranar ce za a daina kai ƙara. Dattawa za su cika gidan majinyaci suna cewa kada ka ɗauki alhakin rai, shaidu za su ce ba su ga komai ba, mai laifi ya sha da ƙafafunsa. Ingila ta ga irin wannan. A 1803 ta kafa dokar da ta sa kisa a kan wanda ya soki mutum ko ya yanke shi da niyyar illata shi, ko bai mutu ba, a zamanin da laifukan da ake rataya a kansu suka haura 200. Talakawan da ake zaɓa su zauna a kotu su ce an yi ko ba a yi ba suka riƙa wanke masu laifi ko rage musu tuhuma, don ba sa son jini a wuyansu. A 1861 aka rataye mutum na ƙarshe a kan yunƙurin kisa, a wannan shekarar kuma aka mayar da hukuncin ɗauri. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ita ma a nan ta tsaya: kwamitin da ke fassara ta ya bayyana a 2018 cewa ƙasar da ba ta soke kisa ba, ba ta da damar yin sa sai a kan kisan ganganci.

Misali mafi ƙarfi da masu son kisa za su iya kawowa shi ne na Bangaladash. A can watsa wa mata ruwan batir a fuska ya zama annoba, har aka samu kusan 500 a shekarar 2002 kaɗai. A wannan shekara aka kafa doka ta musamman mai hukuncin kisa a kan laifin, cikin 'yan shekaru kuma adadin ya faɗi ƙasa warwas. Sai dai dokoki biyu aka kafa tare. Ta biyun ta hana sayar da ruwan sai da lasisi, ta sa ido kan masu shigo da shi da masu ajiye shi, aka kuma kafa kotuna na musamman da aka ɗibar wa wa'adin gama shari'a, ga ƙungiyoyin da suka tsaya wa waɗanda aka ƙona da magani da lauya. Ni a ganina darasin da ke ciki a gare mu yana wajen teburin mai sayar da tramol a bakin tasha da saurin shari'a.

Domin idan aka zauna da wanda aka sara aka saurare shi sosai, abin da ke ci masa rai ba wai mai addar na numfashi ba ne. Abin da ke ci masa rai shi ne bayan 'yan watanni ya gan shi ya wuce ta ƙofar gidansa a kan babur, shi kuwa ana bin sa bashin magani. Wani lokaci maganar ko jandarmomi ba ta isa ba. An taru a zaure, an kawo goro da 'yan jakunkuna da ba su kai kuɗin ɗinki ba, an ce a bar wa Allah, zumunci ya fi. Majinyaci na kwance ba a ma tambaye shi ba, yayansa ko baffansa ne ya yafe a madadinsa. Ina girmama sulhu, kuma sarakunanmu sun kashe wutar da da ta ci garuruwa. Amma yafiyar da aka matsa wa mai rauni ya yi don kunyar manya zalunci ne na biyu. Daga irin wannan zaure ne kiran a kashe su yake fitowa, daga nan ne kuma taron da ke rufe ɓarawo da duka a kasuwa yake samun hujja.

Ba ina cewa kotun Matameye ta fara yanke hannu ba. Dokar ƙasarmu ba a kan haka take tafiya ba. Ma'aunin nake so mu ɗauka. Dinari ɗaya giram huɗu da kwata ne na zinariya. Diyyar hannu ɗaya ke nan ta haura kilo biyu na zinariya. Ko da ba za a iya biyan haka a Kance ba, wannan adadi ya nuna mana nisan da ke tsakanin darajar da addini ya ba hannun talaka da abin da ake miƙa masa a ƙwarya. Dokar Nijar ma ta ba wanda aka cuta damar neman diyya a cikin shari'ar laifin kanta, sai dai kaɗan ne suka san da haka, waɗanda aka yanka musu kuma sau da yawa takarda ce kawai suke komawa gida da ita.

Abin da nake so in gani ba ya buƙatar sabuwar dokar kisa. Raunin da ya nakasa gaɓa ko ya shiga kai ko ciki ya fita daga hurumin sulhun zaure, mai gari ya miƙa shi ga hukuma ko dangi sun so ko sun ƙi. Takardar likita da ke bayyana girman rauni a ba da ita kyauta, domin a kanta shari'ar duka take tsayawa, kuma kada a rufe magana sai ciwo ya warke an ga abin da ya bari, kamar yadda malamai suka shar'anta. Wanda ya fito da makami ya tare hanya, ko ya maimaita sara bayan an taɓa hukunta shi, ya yi zaman kaso na shekaru masu yawa da ba a yanke su da afuwar ranar biki. Kafin ya fita kuma a san yadda aka yi da haƙƙin wanda ya nakasa: babur ɗin mai laifin, dabbobinsa, rabonsa na gona, da abin da zai samu in an sa shi aiki a tsare. Gawa ba ta biyan ko dala, mai rai kuwa ana iya bin sa bashi shekara ashirin.

Saura tambayar da kowa zai yi: idan mai addar ba shi da ko akuya fa? Risala ba ta tsallake wannan ba. A kan ma'muma da ja'ifa na ganganci an ruwaito maganganu biyu daga Malik, ɗaya ta ɗora biyan a kan danginsa na wajen uba, ɗaya ta ce daga dukiyarsa za a cire, in ba shi da komai dangin su ɗauka. Dangin da suka san cewa addar ɗansu za ta ci musu garke ba za su jira jandarma ya zo ya karɓe ta daga hannunsa ba. Inda dangin ma babu, a nan gwamnati za ta shigo, ta ware wani kaso daga tarar da kotuna ke karɓa ta buɗe asusun waɗanda aka nakasa, ta biya kuɗin magani nan take, sannan ita ta bi mai laifin bashin.